Albasar da Muka Ba Baƙuwa

Ban yi niyyar saka wannan babi a cikin littafin nan ba, Nasiru ne ya tilasta ni. Ku da kuke nesa ba ku ji abin da ɗan'uwanku ya aikata ba, to bari in gaya muku. Kwanakin baya wani malami ya zo garinmu daga jami'a, da jaka a kafaɗa, yana bin gidaje yana neman tsohon irin gero da dawa da kuɓewa don a adana. Nasiru ya tare shi a ƙofar gida ya wanke shi tas, ya ce ire-irensa ne suka sace mana irin albasa suka musanya mana da ruɓaɓɓe, ya kore shi ko ruwa bai ba shi ba. Da ya shigo yana ba ni labari har da bugun ƙirji, yana jira in sa masa albarka. Ni kuwa takaici ya cika ni. Fiye da shekara goma sha biyar ke nan gidan nan yana cin wannan labari, a faɗe shi wurin suna, a faɗe shi wurin biki, har jikokina sun haddace shi. To ƙarya ne. Ba wanda ya sace mana komai, kuma a gidan nan ni da uwarku kaɗai muka rage da muka san yadda aka yi.

Albasar gidanmu 'Yar Tsohuwa ake ce mata. Inna, mahaifiyata, ita ta zo da irinta daga Gwashi cikin kayan aurenta, ita ma wurin kakarta ta gada. Ku da ba ku taɓa ganinta ba kuna siffanta ta kamar wata sarauniya, ni kuwa da na noma ta ina gaya muku mummuna ce. Ƙarama ce, da kaɗan ta fi ƙwan kaza, ja mai duhu, wuyanta siriri, ɓawonta a ƙame. Yajinta kuwa, in ana yanka ta a tsakar gida wanda ke zaune a zaure sai ya share hawaye. Da rani dillalan Gummi ba su kallonta sau biyu. Amma a zuba ta a rudu, wato rumfar karan nan da muke ɗagawa sama da ƙasa don iska ta ratsa, tun daga girbin bazara, sai ta sha damina sukutum. Ta kowa ta ruɓe ta zama ruwa, tamu tana nan daram har kaka. A lokacin ne waɗanda suka yi mana dariya suke zuwa ƙofar gida da buhu suna doguwar gaisuwa. Da wannan mummunar albasa aka ciyar da mu, aka yi mana aure, aka kai wasunku makaranta.

Riƙonta fa ba wasa ba ne. Irin albasa ba shi da jimiri irin na gero, shekara guda yake yi da ƙarfinsa, in ya kai biyu a cikin gora to ka shuka toka. Dole kowace shekara a sabunta shi. Da kaka Inna za ta hau rudu da kanta, ta zaɓi waɗanda suka fi tauri, ta yanke musu kai, ta shafa toka, a je a dasa su har su yi fure su ba da iri. Kuma ba ta yarda a dasa su a lambu tare da na mutane ba. Akwai wani ɗan fili can bayan kukoki, nesa da gulbi, babu rijiya babu jigo, nan ta nace. Ni da yayana Garba mu ke jigilar ruwa zuwa can da jaki da kai, muna ƙunƙuni. In mun tambaye ta dalili sai ta ce albasa in tana fure ba ta son maƙwabci, ƙudaje da zuma suna kwaso halin ta wani su zuba mata. Mu kuwa mun ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Shekarar da soja suka sauka daga mulki, da kaka, ranar wata Laraba da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Malamin gona na Bukkuyum ne da wata baƙuwa, Malama Rabi, mai binciken tsirrai daga jami'a. Ba ta kai ni shekaru ba, da tabarau da lulluɓi, da littafi a hannu. Rashin sa'a, Inna ta tafi suna Yargalma tun jiya. Da tana gida da ban rubuta wannan babi ba. Aka shimfiɗa wa baƙi sabuwar tabarma a zaure, aka dama fura, Malama Rabi ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce tun daga Anka take jin labarin wata albasa da ba ta ruɓewa a rudu, duk wanda ta tambaya sai ya nuno gidan Malam Audu, wato gidan mahaifinmu. Ta ce a cikin kowace albasa akwai wani rubutu da ido ba ya gani, wanda take gada daga iyayenta, shi ke sa wannan ta yi ja waccan ta yi fari, wannan ta jure waccan ta ruɓe. Su da abokan aikinta suna ƙoƙarin zana taswirar wannan rubutu, don su gane a wane lungu jimiri yake zaune. Za ta dasa tamu a cikin ɗakin raga inda ƙuda ba ya shiga, ta fitar da iri, ta ajiye shi a ɗakin sanyi inda zai yi shekaru bai mutu ba, da sunan gidanmu a jiki. Ko wata rana tamu ta ɓata, sai mu zo mu karɓa. Abin da take so kawai 'yan ƙwayoyi ne daga rudunmu.

Yaya Garba, wanda shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, ya yi ta gyaɗa kai yana cewa madalla. Sai ya yafuto ni, muka zaga bayan rumbu.

"Kai Isa, wagga baƙuwa ta taso tun daga birni da mota, mu ɗauko mata waɗanga ƙanƙamammu? Ta tahi ta nuna ma manyanta ta ce ga abin da gidan Malam Audu ka nomawa? Bi ta baya ka je wurin Ɗan-Ige ka zaɓo manya."

Ɗan-Ige maƙwabcinmu ne, ya noma albasar damina da irin gwangwani, wanda ake kawowa daga ƙasar waje, bai fi mako biyu da cire ta ba. Manya-manya, suna sheƙi, kowace ta cika tafin hannu. Tamu kuwa ta yi wata bakwai a rudu, ta ƙanƙame, ta yi ƙura, wasu har sun fara yamutsewa. Na ce masa, "Yaya, ai tamu ta ce taka so." Ya harare ni ya ce tun da aka haife ni na taɓa ganin an ba baƙo abin da ya fi muni a gida? In baƙo ya zo, kazar da ta fi ƙiba ake kamawa, tabarmar da ba a taɓa hawa ba ake shimfiɗawa, to a kan albasa ne za mu fara zubar da mutuncin gida? Ina so ku fahimci wani abu a nan, don na san ku, yanzu za ku ce Garba ne mai laifi tunda ba ya raye. Ni ma kunyar nake ji. Da na tuna yadda matar nan ta yi ta yabon albasarmu, na kuma hango abin da ke cikin rudu, sai na ji ba zan iya ɗora mata shi a gaba ba. Na bi ta baya, na tsuguna gaban tulin Ɗan-Ige, na zaɓi goma sha biyu da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Ban tsaya nan ba. Na dawo na hau rudunmu, na ɗan birkita su cikin ƙura, sannan na sauko da su a faifai ta inda baƙi za su gan ni. Wannan dabarar Garba bai sa ni ba, tawa ce.

Malama Rabi ta ɗauki guda ta juya ta, ta matsa wuyanta da babban yatsa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam Isa, wannan ce ta yi wata bakwai a rudu?"

"Ita ce, Malama."

Ta rubuta. Har yau in na tuna sai in ji haushinta ita ma, ko da yake ba ni da hurumin jin haushi. Duk karatun nan, da za ta kai ta hanci kawai, ko ta ɗan gatsa, ai da asirina ya tonu a nan take, a yi dariya, a ba ta ta gaskiya. Inna daga bakin ƙofa take gane albasarta da ƙamshi. Amma ita baƙuwa ce, ba ta san yadda tamu take ba, abin da ya kawo ta ke nan. Kuma me zai sa ta yi zaton magidanci mai gemu zai yi mata ƙarya a kan albasa, ba don riba ba, ba don mugunta ba? Ta yi godiya har tana rusunawa, muka raka su mota, Garba ya ƙara mata da kwandon gabu, busasshen ganyen albasa.

Washegari Inna ta dawo. Uwarku, wadda ta ga komai daga bakin madafa, ita ta fesa mata tun ba ta ajiye ƙullin kayanta ba. Inna ta sa aka kira mu. Ba ta ɗaga murya ba, sai ta yi ta kallonmu, ƙattai biyu masu 'ya'ya, muna sosa ƙeya.

"Ta ce muku kwalliya taka nema? Mutum ya taho neman ɗiyata, kun ba shi ɗiyar maƙwabci don ta hi haske. Ku ɗebi tawa ku bi ta da ita."

Garba ya ce to, bari a gama dashe. Aka gama dashe, ya ce bari a gama ban-ruwan farko. Aka shiga girbi. Kowace ranar kasuwa ina hango malamin gona a Bukkuyum bisa babur ɗinsa, abin da zai ɗauke ni bai fi in ce masa ga saƙo ka kai wa Malama ba. Da na hango shi sai in faɗa layin teloli kamar mai neman zare. Me zan ce? In ce mun yi mata ƙarya? Duk ranar da ta wuce maganar sai ta ƙara nauyi. Inna ta tambaya sau uku, a na huɗu na ce mata an kai. Da daminar da ta biyo baya Allah ya yi mata rasuwa, ta tafi tana zaton albasarta na can cikin sanyi.

Bayan shekara biyu, ita ma da kaka, sai ga motar nan kuma. Malama Rabi ta shimfiɗa wata takarda a kan tabarma, da 'yan layuka baƙaƙe jere-jere kamar matakan tsani. Ta ce kowane jeri albasar wani gari ce, kowace da inda layukanta suka bambanta da na sauran. Ta ɗora yatsa kan namu, ta ɗora wani kan na kusa da shi. Ko ni da ban yi boko mai zurfi ba na ga babu bambanci ko na gashi. Ta ce wannan na biyun irin gwangwani ne. Ta ce kuma sun noma tamu sun ajiye, ko wata uku ba ta kai ba ta ruɓe. Abin ya dame ta ƙwarai, har tana zargin kanta ko ita ce ta rikita takardun shaida a hanya. Ta tambaya a hankali, cikin ladabi, ko dai an samu kuskure wurin ɗauka. Ku saurara da kyau. Inda take zaune, tsakaninta da rudunmu bai fi taku goma ba, kuma cike yake da 'Yar Tsohuwa ta gaskiya. Na buɗe baki, Garba ya riga ni.

"Ikon Allah. Ƙila ƙasarku ce ba ta amshe ta ba, Malama."

Ni kuwa na jawo ƙwaryar fura na ce ta ƙara. Abin da na iya ke nan. Ta naɗe takardarta, jikinta a sanyaye. Kafin ta shiga mota ta tambayi inda muke fitar da iri, muka nuna mata bayan kukoki, ta ce duk wanda ya zaɓi wurin nan ya san abin da yake yi, kada mu kuskura mu matso da shi kusa da furen wani. Maganar Inna ce sak, sai dai ita da tabarau.

To mun ji? Ba mu ji ba. A 'yan shekarun da suka biyo baya ne haƙar zinari ta fara ɗaukar hankalin mutane, majiya ƙarfi suka watse zuwa Abare da Yargalma da ramukan daji, aka rasa masu jigilar ruwa. Mun kuma sami injin ban-ruwa a bakin gulbi. Garba ya ce wace irin wahala ce wannan, ga ruwa na kwarara a lambu mu kuma muna bin jaki zuwa bayan kukoki? Na yarda da shi nan take, don wuyana ya gaji da tulu. Muka dasa iyayen iri a gefen inji, kunya guda tsakaninsu da furen Ɗan-Ige, ƙudaje na kai da komo muna kallo. Shekarar farko albasarmu ta ƙara girma, muka yi murna, Garba yana cewa ashe ƙishirwa ce ta hana ta girma. Ta biyu ta ƙara girma, wuya ya yi kauri, yaji ya ragu. A ta uku, tsakiyar damina, wari ya tashi daga rudu, ruwa baƙi na ɗiga ta ƙasan kara, muka kwashe da shebur muka zubar a bola. Na yi ta tsintar ƙanana ina dasawa bayan kukoki ko za ta dawo, ba ta dawo ba. Na je Gwashi wurin dangin Inna, suka ce sun bar noman wannan tun da daɗewa. Na zazzage tsohuwar gorar Inna, na sami ɗan iri a gindi, na shuka ina bismilla, ko ɗaya bai tsiro ba.

Ana nan wata safiya, gida cike, mata da yara kowa na tsakar gida, Garba ya tafa hannu kamar wanda ya tuna inda ya ajiye makulli.

"Mi muka damuwa da shi? Ai tamu na wurin Malama cikin sanyi. Isa, tahi ka amso muna."

Na dube shi, ya dube ni, wallahi babu alamar wasa a fuskarsa. Ko dai ya manta da gaske, ko kuma ya faɗa wa mutane sau da yawa cewa albasarmu na jami'a har shi ma ya gaskata. Kowa ya hau hamdala, matarsa har da guɗa. Uwarku kaɗai ta kalle ni ta sunkuyar da kai. A gaban wannan taron zan ce wa babban yayana ya tuna abin da muka yi? Sai na saka babbar riga na hau mota, na yi tafiyar yini guda don in karɓo abin da na san ba namu ba ne. In akwai wautar da ta fi wannan a ƙasar Zamfara, ni ban ji labarinta ba.

Malama Rabi ta gane ni tun daga nesa, ta tarbe ni da fara'a. Ta sa aka shiga ɗakin sanyi aka fito da 'yar takarda mai ƙyalli da iri a ciki, a liƙe, an rubuta Gidan Malam Audu a jiki. Da na riƙe ta na ji sanyinta a tafin hannuna, sai kawai bakina ya buɗe. Na gaya mata komai, har da birkitawa cikin ƙura. Ta cire tabarau ta ajiye. Sannan ta gaya mini cewa noma biyu ta ɓata a kan albasar nan, ta sake gwajin sau uku tana zaton ita ce ta yi sakaci, daga ƙarshe ta cire garinmu daga taswirarta. Ta ce a duk yawon da ta yi ba ta sami wata da aka shaida da jimiri irin tamu ba, kuma yanzu babu wanda zai san abin da ke cikinta har abada. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

"Malam Isa, ban zo gidanku cin albasa ba. Da busassu ka ba ni, da na karɓa da hannu biyu."

Ta ɗauki jan biro ta ja layi a kan sunan gidanmu. Kun san abin da na yi? Na roƙe ta ta bar mini takardar haka nan, don kada in koma gida hannu rabbana a ce na kasa. Ta yi mini wani kallo, ta turo mini ita. Na kawo, aka yi murna, aka shuka, aka girbe manya masu sheƙi, suka ruɓe kafin damina ta raba tsakiya. A ranar ne Garba ya tsaya ƙofar masallaci ya ce 'yan boko sun riƙe tamu sun ba mu ta banza. Ina tsaye kusa da shi ina saka takalmi, na yi shiru. Daga nan labarin ya samo asali, kuma da shi Garba ya koma ga Allah, Allah ya jiƙansa ya gafarta mana ni da shi.

Saboda haka, Nasiru, ka nemi malamin nan da ka kora, malamin gona na yanzu ya san inda yake. Ka ba shi haƙuri, ka kawo shi gida, a dama masa fura. Akwai tsohon geron kakanku a ƙaramin rumbu, mai gajeren zangarniya, wanda kake cewa abin kunya ne a gan shi a gonarmu. Shi za ka ɗebo masa, kuma ina zaune ina kallon hannunka. Takardar nan mai jan layi tana cikin akwatina ƙarƙashin rigar sallah, duk mai shakka ya je ya duba. Matar nan ba ta ɗauki komai namu ba. Sau biyu ta zo har bakin rudu tana roƙo, ni na hana ta. Yanzu haka da nake wannan rubutu uwarku na tsakar gida tana yanka albasar miya, ina jin ƙarar wuƙa a kan faranti, ni kuwa ina zaure idona a bushe.